Kujerar Mudir da Uwar da Ta Ƙi Kiran Sunan 'Yarta

Ko da zan manta da komai na ƙuruciyata a Madina, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na miƙe tsaye a gaban dattawan unguwarmu ta Jurf ba, na gyara murya, na tsige kaina da bakina. Har yau idan abin ya faɗo min a rai ina tsakiyar shan shayi, sai in dire kofin in tashi in yi ta zagaye ɗaki. Matata ta saba. Takan ce, "To, ya tuno kuma," ta ci gaba da abin da ke gabanta.

A farkon shekarun 1980 ne. Na gama karatun shari'a da zafina, na samu aiki a maktab, wato ofishin wani dattijo da kowa ke kira Baba Wakili. Aikinmu shi ne tsaya wa mutane a mahkama, gaban alƙali, kan sha'anin iyali: saki, riƙon 'ya'ya, rabon gado. Yawancin masu zuwa mana namu ne, jikokin alhazan da suka zo suka zauna, da 'yan uwanmu da suka ƙetaro daga Sudan da Chadi neman abinci. Ni kuwa haifaffen Madina ne. Hausata ta tsakar gida ce, irin wadda za a yi maka magana da ita ka amsa da Larabci. Amma fa a ganina a lokacin, duk maktab ɗin nan babu wanda ya kai ni sanin mutane, don na haddace babin riƙon yara tun daga farko har ƙarshe.

Mu biyu ne a ƙarƙashin Baba, ni da Siraju. Tare muka yi karatu, kuma ban fi shi komai ba, sai dai wannan gaskiyar a lokacin ko da wuƙa a wuya ba zan faɗe ta ba. Siraju mutum ne mai sanyin jiki. Tsohuwa za ta shigo da ƙorafin surukinta, ta faro labari tun daga ranar da suka baro Damagaram a ƙafa, shi kuma ya tallafe haɓa yana "Ikon Allah, sai kuma aka yi yaya, Hajiya?" Ni kuwa ina gefe ina kaɗa ƙafa, raina kamar ya fita.

Sai wata safiya Baba ya kira mu ya ce zai koma garin Yanbu ya buɗe sabon maktab, tunda mutane sun yi can neman aiki, kuma inda mutane suka taru, rigimar aure ba ta jimawa ta iske su. Na Madina kuma zai bar shi a hannun ɗayanmu. Bai ce wane ba. Ya dai ce, "Zan duba," ya ɗauki carbinsa ya tafi masallaci.

Wallahi tun daga ranar ban sake zama wuri ɗaya ba. Abinci ba ya min daɗi. Idan Baba ya fita salla, sai in yi jinkirin alwala, in lallaɓa in ɗan ɗosana a kujerarsa in ji yadda take (tana da wani ƙusa da ke tsikarar mutum ta hagu, na ma riga na yanke shawarar zan sa a gyara). Na koma sa hannu da wata doguwar jela a ƙarshe, irin ta manya. Ina tafe a hanya ina maimaita "Mudir", wato shugaban maktab, a raina, ina jin yadda za ta zauna a gaban sunana. Har kasuwa na je na sayi mishla, alkyabbar nan mai bakin zinariya da manya ke yafawa, na ɓoye ta a ƙasan akwati don kada ƙannena su gani su yi min dariya. Idan Siraju ya yi tari, sai in ce a raina da wata manufa ya yi.

Ana cikin haka Haruna ya shigo mana. Makaniki ne, ya samu aiki a Yanbu, sun rabu da matarsa Rabi, kuma yana so a ba shi 'yarsu, yarinya ƙarama da ba ta isa shiga makaranta ba. Alƙali ya ce su je su yi sulhu a gaban manyansu tukuna, in ya gagara su dawo. To, yarinya mai waɗannan shekarun a hannun uwa take zama, sai fa in an nuna uwar ba ta kula da ita. Kowa a maktab ya san shari'ar Haruna ba ta da ƙafa. Baba ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai za ka riƙe wannan. Ni zan zo in zauna kawai, ba zan ce uffan ba."

Na gane jarrabawa ce. Na kuma ce wa kaina, wanda ya ci shari'ar da kowa ya ce ba ta ciwuwa, ai shi ne mudir, magana ta ƙare.

Baba yana da wata ƙa'ida: kafin a zauna sulhu, sai wakili ya je ya sha ruwan gidan ɗaya ɓangaren, ya ga yadda suke. Rabi tana zaune wajen yayanta Malam Sule a unguwar Uhudu, shi yana sayar da dabino da carbi ga masu ziyara. Na je da hantsi. Ya shimfiɗa min darduma a tsakar gida, aka kawo shayi, ita kuma ta zauna a bayan labulen ƙofar ɗaki. Yarinyar tana ta tsalle-tsallenta a gabanmu.

Na ce bari in fara da tambaya mai sauƙi. "Malama Rabi, yaya sunan yarinyar?"

Shiru.

Na ɗauka ba ta ji ba, na ɗaga murya na maimaita. Sai na ji motsin awarwaro, amma ba amsa. Malam Sule ya yi ɗan murmushi ya ce, "Zainabu sunanta, Ustaz."

"Ita nake tambaya," in ji ni.

Sai can ƙasa-ƙasa na ji ta ce, "Ai Yaya ya faɗa."

Kafin in gama mamakin wannan, yarinyar ta yi tuntuɓe da turmi ta faɗi, ta tsandara ihu, ta ruga ta nufi labulen. Na zuba ido in ga uwa ta fito a guje. Ina! Sai muryarta kawai, ba ko ɗar, tana ce wa matar yayanta, "Zo ki ɗauke waccan." Waccan! Matar Malam Sule ce ta zo ta sungume ta tana lallashi. (Na ga yarinyar ɓul-ɓul take, kanta da sabon kitso, tafin ƙafarta da lalle. Na kuma ga wani hannu ya leƙo ta gefen labule ya shafa gwiwarta da sauri ya koma. Duk na gani. Amma mai neman kujera abin da yake so kawai yake ɗauka.)

Na fito daga gidan nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Uwar da ba ta iya furta sunan 'yarta! Uwar da 'yarta za ta faɗi ta ce a ɗauke waccan! Na ce Allah Ya kashe ya ba ni. A hanya har na sayi lemo na sha a tsaye, ni kaɗai ina murmushi, mai shagon yana kallona.

Haruna ya tambaye ni me na samo, na ce, "Kai dai bar min komai, ka shirya wa 'yarka wurin kwana a Yanbu." Baba ya tambaya, na ce, "Za ka gani, ya Shaikh." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Tayyib." Siraju ma ya ce ko in faɗa masa mu duba tare. Na ce masa na gode, a raina kuwa na ce, ka ji ɓarawon hujja.

Ranar sulhu aka taru bayan la'asar a gidan Umda, wato mai unguwarmu na Jurf. Dattawa sun jeru a jikin bango, kowa da matashin da ya jingina, ana zagayawa da gahawa da dabino. Mata suna ɗakin da ke kusa, ƙofa a ɗan buɗe don su ji, su ma a ji su. Rabi tana ciki, mahaifiyar Haruna ma tana ciki, wata tsohuwa da ake kira Hajiya Iya. Ni kuma na iso cikin mishlata, ga zafi kamar a gasa gurasa. Duk ɗakin babu mai mishla sai ni da Umda. Baba ya dube ni sama da ƙasa, ya kawar da kai, ya ce a ƙaro masa gahawa.

Malam Sule ya yi magana a taƙaice, ya ce yarinya tana lafiya, a bar ta wajen uwarta, ubanta ya zo ya gan ta duk lokacin da ya so. Umda ya juyo gare ni. Kowa a zaune ya yi magana, amma ni sai na miƙe.

Na fara da Larabcin littafi, na jawo maganganun malamai a kan sharuɗɗan mai riƙon yaro, na jero su ɗaya bayan ɗaya. Dattawa suna gyaɗa kai, wani ma har ya ce "Masha Allah." Kaina ya ƙara girma. Sai na juya Hausa, don ina so matan da ke ciki su ji da kyau.

"Jama'a," na ce, "ni da ƙafata na je gidan nan. Na tambayi matar nan sunan 'yar da ta haifa, ta kasa faɗa! Na sake tambaya, sai yayanta ne ya faɗa mata! Yarinyar nan ta faɗi a gabana tana kuka, uwar ko leƙowa ba ta yi ba. Kun san abin da ta ce? Ta ce a ɗauke waccan! Ina tambayar ku don Allah, wadda ke ƙyamar sunan 'yarta, ita za a bar wa amanarta?"

Na tsaya, na ware hannu, ina jiran kabbara.

Ɗakin ya yi tsit. Amma ba irin shirun da na yi tsammani ba ne. Wani dattijo ya tsaya da finjalin gahawa a bakin leɓe. Umda ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Na waiga wajen Haruna don ya ƙarfafa min gwiwa, sai na ga ya ja ƙyallen kansa ya rufe fuska. Nan na fara shan jinin jikina.

Sai murya ta fito daga ɗakin mata, tsohuwar murya amma garau. Hajiya Iya ce, uwar wanda nake karewa.

"Umda, wai wane ne wannan?"

"Wakilin ɗanki ne, Hajiya."

"La'ilaha illallahu! Yarinyar nan ba 'yar fari ba ce? To so yake Rabi ta buɗe baki ta kira sunan 'yar farinta a gaban baƙon namiji, kamar wadda ba ta da mafaɗi? Wallahi da ta kira, da ni zan fara cewa a karɓe yarinyar! Ku tambayi wancan ɗan farin nawa da ya ɗauko shi, yau ga shi da furfura a gemu, ko ya taɓa jin sunansa a bakina?"

Haruna, daga cikin ƙyalle, ya ce, "Ban taɓa ji ba, Iya."

Dariyar da aka danne ta ɓalle. Wani tsoho har da buga cinya. Ni kuwa ina nan tsaye, hannuna bai gama saukowa ba, gumi yana bin bayana a ƙarƙashin mishla. Da na san ciwon kaina, da na zauna a nan. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Hajiya, ai wannan babu shi a littafi."

"Littafi?" in ji ta. "Kai ɗan wane gida ne?"

Umda ya share hawayen dariya ya ce, "Ɗan Hajiya Dije ne, ta bayan masallaci."

"Dije? Dijen da muka hau jirgin ruwa ɗaya da ita? Kai ne babban?"

Na ce, "Ni ne."

"To, ɗan nan, faɗa wa jama'a. Da me uwarka take kiran ka?"

Na buɗe baki in ba ta amsa, sai na ji babu komai a ciki. Na laluba tun daga yarinta har zuwa safiyar ranar, ina neman sau ɗaya da Inna ta kira sunana. Ƙannena kam tana kiran nasu har maƙwabta su ji. Ni kuwa "kai" ne, ko "wannan," in kuma da ƙannena take magana, "yayanku." Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, na girma da wannan a raina. Na ɗauka halin Inna ne, na ɗauka ni ne dai ban shiga ranta kamar sauran ba. Ban taɓa tambaya ba, ban kuma taɓa sanin abin yana da suna ba. A tsaye a ɗakin nan na gane cewa ba Rabi nake tuhuma ba tun farko.

"Muna jin ka," in ji Hajiya Iya.

Na ce, da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba, "Takan ce... kai wannan."

Wayyo Allah! Har matan ciki sai da suka fashe. Wani dattijo ya ce, "To sai a karɓe shi daga hannun Dije, a kai shi Yanbu!" Na so ƙasa ta tsage in shige. Na koma zan zauna, na taka gefen mishla, na tafi taga-taga na faɗa kan matashin Umda. Shi ya riƙe ni, yana cewa, "Sannu, Ustaz, sannu."

Sauran zaman ban san yadda aka yi shi ba sosai. Na dai ji Hajiya Iya ta ce jikarta ba ta zuwa ko'ina, wa zai yi mata kitso a Yanbu, makanikai? Haruna ya ce ya yarda, zai riƙa zuwa yana ganin ta. Aka yi fatiha. Da muke fita, na ji sheshsheka ƙasa-ƙasa daga ɗakin mata, na san Rabi ce. Duk dariyar da aka yi, ita ba ta yi ba. Zaune take tana jin wani baƙo yana gaya wa duniya cewa ba ta son 'yarta, kuma kunyar da ta hana ta kiran sunan ita ta hana ta kare kanta. Wannan ya fi dariyar yi min ciwo, har yau kuma shi ya fi.

Baba ya ce in shigo motarsa ya rage min hanya. Muka kama hanya, ina ta murza gefen kujera. Daga baya ya ce, "Larabcinka ya yi kyau."

Na ce, "Na gode, ya Shaikh."

"Da ka faɗa min, ko ka faɗa wa Siraju, da a cikin maktab za a yi maka dariyar, mu biyu kawai." Ya rage gudu ya kauce wa wani rami. "Gobe zan ba Siraju mabuɗin maktab. Kai kuma za ka riƙa bin sa wajen sulhu kana zuba gahawa, ba ka cewa komai, sai ranar da ya ce ka yi magana. Halas, shi ke nan?"

Na ce, "Halas." Me zan ce?

Kafin in isa gida labari ya riga ni, don a Jurf magana ba ta jiran mota. Ƙannena suna ganina suka watse, kowa yana toshe baki. Inna tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa, ƙanwata Hindu tana gefenta. Na tsuguna na gaishe ta. Ta amsa ba ta ɗago ba, kamar kullum.

Na daɗe a tsugune. Sannan na ce, "Inna, ashe duk shekarun nan..."

Ba ta bari na ƙarasa ba. Ta juya wajen Hindu ta ce, "Ki gaya wa yayanku abincinsa na nan a rufe. Ki ce masa surutun da ya yi yau ya isa."

Na jawo kwanon na buɗe. Tuwo ne da miyar kuɓewa, ga tsokar nan mafi girma a kai, wadda kullum nake tararwa a kwanona ina ɗauka dace ne. Hindu ta leƙa ta ce, "Kullum fa haka ne, mu sai ƙashi." Inna ta ɗaga mata hannu kamar za ta make ta, kunya ta kama ta, ta tashi da faifanta ta shige ɗaki. Na ci tuwon nan hawaye yana ɗiga a ciki, ƙato da ni, ina ci ina jan hanci.

Siraju ya yi mudir, kuma ya iya. Na zuba gahawa a bayansa har na ƙware, na san dattijon da ke son a cika masa da wanda ke girgiza finjali, alamar ya ishe shi, tun a na farko. Kujerar ba ta zo hannuna ba sai bayan shekaru, lokacin da na daina mafarkinta. Amma tun daga wancan yammacin, duk ranar da na gano wata gagarumar hujja da babu wanda ya gani sai ni, ba na murna. Nakan wuce gida tukuna in zauna kusa da Inna in ba ta labari, kamar hira. In ta ci gaba da aikinta, sai in kai maganar gaban alƙali. In kuwa ta juya ta ce, "Hindu, zo ki ji yayanku," to a nan nake binne maganar.